Konur, tsuntsu mai saurin sauya hali

1. Wane tsuntsu ne konur?

Yara da yawa a kudancin Nijar sun san tsirya. Ita ce koriyar tsuntsuwar nan mai doguwar wutsiya da jan baki, wadda ke wucewa da sauri bisa gonaki tana kuka. Sun kuma ji labarin aku, mai kwaikwayon maganar mutane. Tsirya da aku dangi ne. Danginsu babba ne ƙwarai, don a duniya akwai irinsu kusan 400.

Can nesa, bayan tekun Atlantika, suna da waɗansu ƴan'uwa. Da Faransanci ana ce musu konur. Babu su a dajin Afirka. Ƙasarsu ta fara tun daga Meksiko, ta bi ta Birazil da Bolibiya, har ƙarshen Arjantina da Shili, inda sanyi ke da tsanani.

Konur iri-iri ne. Akwai mai launin rana. Gashinsa rawaya ne da ja-ja, fukafukansa kuma da kore da shuɗi. Tsawonsa santimetir 30, nauyinsa wajen garam 110. Yana zaune a arewacin Birazil da ƙasar Guyana. Akwai kuma mai koren kunci, wanda ake yawan kiwo a gidaje. Tsawonsa santimetir 26, nauyinsa garam 60 zuwa 80, wato kamar babban ƙwan kaza guda. Asalinsa dazuzzukan Bolibiya da yammacin Birazil da arewacin Arjantina. A kansa wannan darasi ya fi tsayawa.

Bakin konur lanƙwasasshe ne, mai ƙarfi. Ƙafarsa tana da yatsu 4, biyu na duban gaba, biyu na duban baya. Da ita yake riƙe abinci ya kai baki, kamar yadda mutum ke yi da hannu. In zai hau reshe, da baki yake fara kamawa, sannan ƙafafu su biyo.

2. Zamansa a daji

A daji konur ba ya zama shi kaɗai. Cikin gungu yake tashi, su 10 ko 20, wani lokaci fiye da haka. Da hudowar rana sukan yi ta kiran juna, sannan su tafi kiwo. Suna cin ƴaƴan itace da tsaba da furanni. Da tsakar rana su huta a inuwa, suna gyara wa juna gashin kai da na wuya, inda tsuntsu ba ya iya kai bakinsa. Da maraice su sake kiran juna, su taru, su kwana.

Mai koren kunci a kogon itace yake yin sheƙa. Macen takan yi ƙwai 4 zuwa 6, ta kwanta musu kwana 22 zuwa 25. Namiji da mace in sun haɗu sukan daɗe tare, kuma suna tsaron kogonsu, ba su barin wani ya leƙa.

Konur yana da abokan gaba. Shaho yana nemansa daga sama, maciji yana bin sa har kogo. Saboda haka kullum a farke yake. Abin da ya gifta bisa kansa, da abin da ya zo da sauri, da abin da bai taɓa gani ba, duka haɗari ne a wurinsa. A daji, in ya tsorata sai ya tashi ya bar wurin. A keji kuwa ba wurin gudu. Makamin da ya rage masa shi ne baki.

Kare da akuya da kaza sun yi shekaru dubbai tare da mutum, sun saba da shi. Konur bai daɗe da barin daji ba. Ko a gida aka ƙyanƙyashe shi, kakanninsa na kusa ƴan daji ne, kuma halinsu yake ɗauke da shi. Hausawa na cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

3. Zamansa a gida

A ƙasashen Turai da Amurka mutane da yawa suna kiwon konur don ya ɗebe musu kewa. Tsuntsu ne mai son wasa. Yakan kwanta rigingine a tafin hannu. Yakan shige cikin rigar mai shi ya yi lamo. Yana reto da ƙafa ɗaya, kansa na duban ƙasa. Yana son wanka a ƙwanon ruwa. Wani ma yakan koyi ƴan kalmomi, amma bai kai aku iya magana ba.

Duk da haka, kukan masu kiwonsa ɗaya ne: ba a gane masa. Yanzu ya miƙo kai a sosa masa, an jima kaɗan ya gantsara wa yatsan da ya sosa shi cizo. Jiya yana bin mutum duk inda ya sa ƙafa, yau ko kallonsa ba ya yi. Cizonsa kuwa ba wasa ba ne, yana fid da jini.

Daga nan wasu sai su ce mugu ne, ko butulu. Su daina fitowa da shi daga keji, su mai da shi wani lungu. Kaɗaici ya dame shi, ya yi ta ihu, har ya fara figar gashin jikinsa. In sun gaji, su ba wani. Haka tsuntsu zai yi ta yawo gida-gida, alhali in ya sami kulawa yana iya yin shekara 20 a duniya, wasu har 30.

4. Ruwa ba ya tsami banza

Likitocin dabbobi da masu nazarin halin tsuntsaye sun lura cewa fushin konur yana da dalili. Ga manyan dalilan.

Rashin barci. A ƙasashe masu zafi inda ya fito, dare da rana kusan tsawonsu ɗaya ne. Jikinsa yana bukatar barcin awa 10 zuwa 12, cikin duhu da shiru. In an ajiye kejinsa inda fitila ke ci, ana hira har tsakar dare, to gobe zai tashi da faɗa, kamar yaron da bai yi barci ba.

Tsoro. Sabuwar hula, ko tsintsiya da aka ɗaga sama, ko baƙon da ya shigo da ƙarfi, suna iya firgita shi. Hannun da ya sauko masa ta sama yana kama da shaho.

Tsaron gida. Keji shi ne kogonsa. Hannun da ya kutsa ciki ba sallama, ko na mai shi ne, ɓarawo ne a wurinsa.

Balaga. Ɗan konur yana da sanyin hali. In ya kai shekara ɗaya zuwa biyu sai ya balaga, halinsa ya sake. Kowace shekara kuma, lokacin sheƙa, yakan ƙara zafi na ƴan makonni. Sai a ga yana neman lungu mai duhu, yana korar kowa daga wurin.

Kishi. A daji yana da aboki guda. A gida ma yakan zaɓi mutum guda ya manne masa. In wanda ba ya so ya matso, yakan kai masa cizo. In bakinsa bai kai can ba, sai ya ciji wanda yake zaune a kafaɗarsa. Wannan shi ne cizon da ya fi ba mutane mamaki.

Sauyin gashi. Kowace shekara tsohon gashi yakan zube, sabo ya tsiro. Sabon yana fitowa ne cikin wani ɗan kube mai tauri, kuma da jini a gindinsa. Yana ƙaiƙayi, shi ya sa tsuntsun ke neman susa. Amma in yatsa ya danne shi, da zafi. Ga dalilin da zai sa ya nemi susa yanzu, ya yi cizo an jima.

Zaman banza. Ɗan daji yana yini neman abinci. Na keji kuwa yakan ƙoshi cikin ɗan lokaci, sauran yinin ba aikin fari ba na baƙi. Bakin da aka yi don fasa tsaba da ɓare itace dole ya nemi abin tauna.

Koyo. Konur yana da wayo. In ya ciji hannu, hannun ya janye, to ya koyi yadda ake korar hannu. In ya yi cizo aka yi ihu, mutanen gida suka taru a kansa, to ya koyi yadda ake tara mutane. Akwai kuma kamun da ba cizo ba ne: yana taɓa yatsa da baki don ya ji ko zai ɗauke shi, kamar yadda yake gwada reshe. In mutum ya fizge hannu, tsuntsun yakan kusa faɗuwa. Gobe sai ya kama da ƙarfi.

Ciwo. A daji tsuntsun da ya nuna rauni shi shaho ke fara ɗauka. Don haka konur yana ɓoye ciwonsa. In mai sanyin hali ya zama mafaɗaci dare ɗaya, a fara kai shi wurin likitan dabbobi.

5. Jikinsa yana magana

Da wuya konur ya yi cizo bai yi gargaɗi ba. Mutane ne ba su lura.

In ya ta da gashin ƙeya, ya baza wutsiya, ya buɗe baki, yana rangaji hagu da dama, yana cewa ne a ja da baya. In ya shafe gashinsa ya manne da jiki, ya miƙe wuya, yana neman hanyar gudu, tsoro yake ji. In ya sunkuyar da kai, gashin kan ya yi laushi, ido ya lumshe, susa yake so. In ya tsaya da ƙafa ɗaya da maraice, yana goga bakinsa na sama da na ƙasa suna ɗan ƙara, hankalinsa a kwance yake, barci ya zo. In kuwa ya yini a kumbure, ya zauna a ƙasan keji, ya bar cin abinci, ko kashinsa ya sake, ba shi da lafiya.

6. Kayen wata yarinya

Ga misali. Wata yarinya ce mai shekara 12, a wani gari na ƙasar Faransa. Tana da konur mai koren kunci. Shekarar farko ba abin da ya haɗa su sai wasa. A shekara ta biyu ya fara cizo. Ran nan ya ciji kunnenta har jini ya ɓata mata riga. Ubanta ya ce:

– Ɗiyata, wannan tsuntsu ya isa haka. Za a ba da shi.

– Baba, don Allah a yi masa haƙuri. Da ba haka yake ba.

– To, mu kai shi wurin likita. In ba magani, shi ke nan.

Likitan dabbobi ya auna tsuntsun, ya duba baki da ido da gashi. Ya ce:

– Lafiyarsa lau. Yarinya, yaushe yake cizonki?

– Likita, kowane lokaci. Ba dalili.

– Kin tabbata? Sami kaye. Duk ranar da ya cije ki, rubuta lokaci da wuri da abin da ya faru kafin cizon. Ranar da bai cije ki ba ma rubuta. Bayan mako biyu ki dawo.

Ga kaɗan daga abin da ta rubuta.

Litinin, ƙarfe 7 na safe: na sa hannu cikin keji in ɗauko shi. Ya cije ni.

Talata, ƙarfe 5 na yamma: yana bisa kafaɗata. Ƙanena ya shigo da gudu. Ya ciji wuyana.

Laraba, ƙarfe 5 na yamma: na buɗe ƙofar keji, na jira. Ya fito da kansa, ya hau hannuna. Ba cizo.

Alhamis: jiya an kalli ƙwallo a talabijin har ƙarfe 11 na dare. Yau tun safe yana faɗa da kowa.

Juma'a: ina sosa masa kai, na taɓa sabon gashi. Ya yi ƙara, ya cije ni.

Asabar: na sa sabuwar jar hula. Ya ƙi zuwa kusa da ni.

Kafin mako biyu su cika, ita da kanta ta gane. Ta nuna wa ubanta kayen. Suka mai da wurin kwanan tsuntsun wani ɗaki mai shiru, ana kashe masa fitila ƙarfe 7 da rabi. Ta daina sa hannu cikin keji. Ta daina barin sa a kafaɗa, kusa da fuska. Ƙanenta ya koyi shigowa a hankali, kuma shi aka ba aikin miƙa wa tsuntsun ƴar tsabar da ya fi so.

Cizo bai ƙare duka ba. Lokacin sheƙa da lokacin sauyin gashi, yakan yi kwanaki yana ɓacin rai. Amma yanzu tana ganin alama tun da wuri, sai ta ƙyale shi har ya huce. Uban bai sake maganar ba da shi ba.

7. Abin yi da abin bari

Ba a dukan konur, ba a yi masa tsawa, ba a girgiza kejinsa. Duka ba ya koya masa kome sai tsoron hannu. In ya yi cizo, a sauke shi a hankali, a juya masa baya na ɗan lokaci. In ya yi abin kirki, a ba shi lada nan take. Koyarwa kuma kaɗan-kaɗan ake yi, minti 5 ko 10, kowace rana.

A sosa masa kai da wuya kawai. Shafa baya da ƙarƙashin fiffike yana tayar masa da halin lokacin sheƙa.

A ba shi abinci iri-iri: hatsi da ganye da karoti da gwanda da mangwaro. Gyaɗa tana da mai da yawa, kaɗan ake ba shi. Kada a ba shi aboka, wanda wasu ke kira fiya, ko shokola, ko kafe, ko abinci mai gishiri. Aboka yana iya kashe shi. A ba shi ruwa mai tsabta kullum, da rassa da zai tauna, da damar fitowa ya miƙe fukafukai a ɗakin da aka rufe.

Huhun tsuntsu ba ya jure hayaƙi. A nisanta shi da murhu da taba da turare da maganin sauro. Akwai kuma wata cuta ta dangin aku da ke kama mutum, tana kawo zazzaɓi da tari. Saboda haka ba a sumbatar bakinsa, kuma a wanke hannu da sabulu bayan an share keji.

8. Daga daji zuwa keji

Son da mutane ke yi wa waɗannan tsuntsaye ya jawo musu wahala. An yi shekaru ana kama su a daji ana kai su kasuwannin Turai da Amurka, da yawa kuma suna mutuwa a hanya. Konur mai launin rana ya ragu ƙwarai a dajinsa, har a 2008 aka sa shi cikin jerin tsuntsayen da ake tsoron ƙarewarsu.

Wani ɗan'uwansu ya riga ya ƙare. Shi ne konur na Karolina, mai koren jiki da rawayan kai, wanda ya zauna a gabashin ƙasar Amurka. An sare dazuzzukansa. Manoma sun yi ta harbinsa don yana shiga gonaki. An yi ta ƙawata hulunan mata da gashinsa. In an harbi ɗaya, sauran sai su dawo su kewaye shi suna kuka, maharbi ya ƙara samun su. Na ƙarshe da aka tabbatar ya mutu a gidan namun daji na birnin Sinsinati a 1918.

A 1973 ƙasashe suka sa hannu a birnin Washinton kan wata yarjejeniya, CITES, don kula da cinikin namun daji da tsirrai tsakanin ƙasa da ƙasa. Ta fara aiki a 1975, kuma Nijar ta shiga cikinta a wannan shekara. Ƙasar Amurka ta taƙaita shigo da tsuntsayen daji a 1992, Tarayyar Turai kuma ta hana a 2007. Yawancin konur da ke gidajen waɗannan ƙasashe an ƙyanƙyashe su ne a hannun masu kiwo.

Abin riƙewa

Konur tsuntsun daji ne mai zama cikin gungu. Sauyin halinsa yana da dalili: barci, tsoro, tsaron gida, balaga, kishi, sauyin gashi, zaman banza, koyo, ko ciwo. Yana gargaɗi da jikinsa kafin ya yi cizo. Wanda zai ɗauke shi ya sani ya ɗauki amanar shekara 20 ko fiye.

Kalmomi da Hausa da Faransanci

aku: le perroquet
tsirya: la perruche
keji: la cage
sheƙa: le nid
gashin tsuntsu: la plume
bakin tsuntsu: le bec
sauyin gashi: la mue
likitan dabbobi: le vétérinaire

Tambayoyi

1. A wace nahiya konur yake zaune? Ku faɗi ƙasashe uku.
2. Me ya sa konur na keji ya fi na daji saurin cizo?
3. Me ya sa yakan nemi susa, sannan ya ciji mai sosa shi?
4. Waɗanne alamu ke nuna cewa yana so a ja da baya?
5. Ku duba kayen yarinyar. Ku faɗi dalilin abin da ya faru a kowace rana.
6. Me ya sa likita ya ce a rubuta har ranar da ba a yi cizo ba?
7. Ta yaya son juna ya cuci konur na Karolina?
8. Ku bayyana ma'anar «ruwa ba ya tsami banza». Ku ba da misali daga gidanku.

Lissafi

1. Konur ya kwanta ƙarfe 11 na dare, ya farka ƙarfe 6 na safe. Awa nawa ya yi barci? Awa nawa suka rage ya cika 11?
2. Yarinya tana da shekara 12, tsuntsunta yana da 2. In tsuntsun ya kai shekara 25, shekarunta nawa a lokacin?

Aiki

Kowane ɗalibi ya zaɓi dabba guda a gidansu: kaza mai ƴan tsaki, ko zabo, ko tantabara, ko jaki. Ya lura da ita mako ɗaya. Ya rubuta a kayensa lokacin da ta yi faɗa ko ta gudu, da abin da ya faru kafin haka, da alamar da ta nuna. Ranar Litinin a karanta a aji, a gwada.